Gwaggo Mai Yi wa Kanta Sannu

Ranar da aka kai Gwaggo makwancinta, ba kuka ne ya fi gajiyar da ni ba, amsa gaisuwa ce. Gidanmu na Ƙofar 'Yandaka ya cika tun daga zaure har madafa, takalma sun yi tsibi a bakin kowane ɗaki. Mace ta shigo ta durƙusa ta ce ya haƙuri, mu ce mun gode Allah, ta yi addu'a mu shafa, kafin ta miƙe wata ta shigo. La'asar ba ta yi ba muryata ta dushe. Gwaggo yayar mahaifina ce, ita ce babbar gidan baki ɗaya, kuma duk wanda ya taɓa cin alkaki a bikin dangi ko na unguwa, to hannunta ya ci.

Kowa da abin da ya tuna. Mai markaɗen bakin layi ta ce Gwaggo ba ta taɓa aiko mata da robar gero ba gaisuwa ba. Wata da ban ma sani ba ta ce ita Gwaggo ta haɗa wa gara lokacin da gidansu ba hali, ta kuma hana a faɗa. Sai Hajiya ta gidan da ke jikin namu, ƙawar Gwaggo tun suna amare, ta share ido da bakin mayafi ta ce, "Tau, yanzu kuma wa zai riƙa yi ma gwiwoyin nan sannu?"

Ɗakin ya kwashe da dariya, irin wadda ke fitowa tare da hawaye. Baƙin da suka zo daga GRA suka dubi juna, ba su gane ba. Wata tsohuwa daga dangin mijin Gwaggo ta gyara zama ta ce Allah ya jiƙanta, mutuniyar kirki ce, amma ita dai tunda take ba ta taɓa ganin mai lallashin kanta irin marigayiya ba. Kamar yabo ta faɗe shi, amma duk mun ji inda ta dosa.

Mutum ɗaya ce ba ta yi dariyar ba, don ita ko zama ba ta yi ba. Yaya ke nan, ɗiyar farin Gwaggo, wadda ta yi shekaru tana jinyarta. Mai makoki zama take yi a gaishe ta, amma Yaya tana madafa, tana bakin famfo, tana kwashe kwanukan da ba wanda ya sa ta. Na bi ta na kama hannunta zan jawo ta ɗaki, sai ta ja numfashi ta fizge. Hannun zafi rau, yatsun sun kumbura sun yi sumul, zoben azurfarta ya nutse a cikin nama. Na san hannun nan. Irinsa Gwaggo ta yi fama da shi rabin rayuwarta, har yatsunta suka karkace suka daina miƙewa. Na tambaye ta ko ta sha maganinta. Ta ce wadda ta bar uwarta ta cika tana can tana cin tuwon suna, ba magani ne ya kamace ta ba. Ta ɗauki tukunya ta wuce.

Na zauna rubuta wannan ne don kada a manta da Gwaggo, kuma don na ga jikokinta har sun fara mayar da sannunta abin barkwanci. Ba laifi su yi dariya, ita ma tana yi. Amma ina so a san daga inda abin ya fito.

Waɗanda suka san ta a tsufanta ba za su yarda ba, amma Gwaggon da na buɗe ido na gani mace ce mai faɗa, kuma duk faɗan da kanta take yin shi. Ba ta taɓa ɗaga mani hannu ba. In na fasa mata tangaran, cewa take ai dama ya gaji. Amma bari ita ta zubar da miya ludayi guda, sai ka ji tana yi wa kanta tatas: ke dai an yi sakarya, ƙatuwar banza, uwar 'ya'ya da ke ko ludayi ba ki iya riƙewa ba. Ta buga cinya, ta yi tsaki, ta ƙi cin abincin rana. Mu yara mun ɗauka wasa ne. Manya kuwa yabonta suke yi, suna cewa ga mace mai zuciya, ba ta yarda da kasawa.

Sana'arta kayan gara ne: alkaki, nakiya, dubulan. Alkaki ba ya son gaggawa. A ɓarza alkama, a murje ta da mai, a kwaɓa a bar ta ta kwana, sannan a naɗa da yatsu ɗaya bayan ɗaya, a soya, a tsoma a ruwan sukari. Aikin yatsu ne tun daga farko har ƙarshe. Na tuna wata gara da aka ba ta ta ɗiyar wani babban ma'aikaci. Tana jefa alkakin a mai yana watsewa. Alkamar ce ba ta da kyau, kowa ya gani, uwar amarya ma da ta ji ba ta ce komai ba, aka sayo wata Gwaggo ta sake yi ya yi kyau, aka kai. Magana ta ƙare a wurin kowa ban da ita. Ta yi kwanaki tana maimaita yadda ta kunyata kanta, ba ci ba barcin kirki. Hannayenta suka hau har sai da aka kira maƙeri ya yanke mata awarwaro.

Aka ce sanyi ne. Aka ce baki ne, mutane sun cika zancen alkakinta. Hajiya ma har sammu ta ambata. Aka sha saiwoyi, aka shafa man kaɗanya, kumburin ya saɓe don kansa, ya kuma dawo don kansa. Autanta ya faɗi jarrabawa, ta ce ita ce ba ta iya tarbiyya ba, gwiwoyi suka hau. Mijinta ya kwanta ciwo, ta ce ita ce ba ta lura da wuri ba, wuyan hannu ya hau. Muna gani da idonmu, amma ba wanda ya taɓa haɗa kumburin da abin da take gaya wa kanta.

A takabar mijinta abin ya juya. Kun dai san yadda muke yi. Kwanakin farko gida cike, kowa sannu, kowa ya haƙuri. Ana yin arba'in ƙafa ta ɗauke, kowa ya kama gabansa. Gwaggo ta rage ita kaɗai a ɗaki, gwiwoyi kamar ƙullun da ya tashi, tana tono laifuffukan da ta yi wa mamaci tun daga amarci. Ita ta ba ni labarin da bakinta. Ta ce wata safiya ta yunƙura za ta je alwalar walaha, gwiwa ta riƙe, ta koma daɓas. Ta buɗe baki za ta yi zagin da ta saba, sai ta ji ta gaji, ko ƙarfin zagin ba ta da shi. Abin da ya fito daga bakinta shi ne abin da kunnenta ya saba ji a kwanakin nan: sannu.

"Har na waiwaya in ga wa ya shigo," in ji ta. "Ba kowa. Ashe ni ce. Sai na ce, tau, tunda kowa ya koma gidanshi, bari in riƙa gaishe ki da kaina, ɗiyar mutane. Kin sha wuya."

Ta ce ranar ta yi wani barcin rana da ta manta akwai irinsa.

Tun daga nan ta riƙe. In za ta tashi ta dafa gwiwa ta ce sannu. In ta gama naɗin alkaki ta sa a zuba mata ruwan ɗumi a wata 'yar tasa tata mai lotsattsen baki, ta tsoma hannaye ta ce sannunku da aiki. In suya ta ƙone ta dubi kaskon ta ce, tau, ya ƙone, an dai yi iya yi, sannu ɗiyar mutane, sannan ta kwashe ta sake zuba wani. Mu kuwa mun san sannu ta wani ce. Ka yi tuntuɓe a ce maka sannu, ka yi tari a ce maka sannu, ko wanda ba ku shiri ya ga ka faɗi sai ta suɓuce mashi. Amma mutum ya yi wa kansa? Nan fa aka fara kallon-kallo a unguwa, wasu na cewa takaba ta taɓa ta.

Baba, mahaifina, shi ya kasa daurewa. Tsohon malamin makaranta ne, ba ya son abin da za a nuna gidansu da baki. Ya shiga ɗakinta ina zaune, ya gaishe ta cikin ladabi kamar yadda ya saba, sannan ya ce mutane na magana. Ya ce wannan sangarta kai ne, mumini tuhumar kansa yake yi, ba shafa kansa ba. Gwaggo ta bar shi ya kai aya. Sai ta tambaye shi, in ya ari keken maƙwabci ya yi mashi faci a hanya, shuri yake kai mashi? Ya ce wannan daban. Ta ce ba daban ba ne, jikin nan aro aka ba ta, kuma za a tambaye ta yadda ta riƙe shi.

"In na yi laifi ina neman gafara, in gyara abin da ke gyaruwa," ta ce mashi. "Wanda na saɓa mawa ya ce shi mai yafiya ne. Ni ce zan fi shi tsanani? Shekara da shekaru ina zagin baiwar Allahn nan, mi ya ƙara mani ban da kumburi?"

Baba ya tashi ya fita ba sallama. Ya daɗe bai taka ɗakin ba, gaisuwa sai dai daga tsakar gida. Abin da ya shirya su ciwon ƙafa ne. Tsufa ya kama shi shi ma, wata rana ya shigo yana ɗingishi ya zauna a bakin gadonta yana cije leɓe. Gwaggo ta sunkuya ta dafa gwiwarsa ta ce, sannu, kin daɗe kina ɗauke da mai taurin kai. Ya yi tsaki, amma bai janye ƙafar ba. Ranar rasuwarta na hango shi a zaure, hannunsa a kan gwiwar nan.

Wadda ta fassara mamu abin ita ce matar autan Gwaggo, likita ce. Ita ta kai ta asibiti aka gano ciwon gaɓɓai ne, aka ɗora ta a kan magani, ana ɗibar jininta lokaci-lokaci ana duba yadda kumburin yake a ciki. Wata rana muna tsakar gida ta ji Gwaggo na gaisawa da yatsunta, sai na ce da ita, likita, don Allah wannan ma yana cikin maganin da kuka rubuta? Na zaci dariya za ta yi. Sai ta ajiye jakarta ta zauna.

Ta ce in ƙaya ta soki mutum wurin ya yi ja, ya yi zafi, ya kumbura, ba ƙayar ce ke yin kumburin ba, jiki ne ya tura masu tsaronsa wurin. Wannan alheri ne, da shi rauni ke warkewa. Matsalar ita ce jiki bai cika bambanta ƙaya da tashin hankali ba. Mutum ya ji kunya, ko tsoro, ko baƙin ciki, sai jiki ya saki irin abubuwan nan a cikin jini kamar an soke shi. In hankali ya kwanta su ma su kwanta. Amma wanda ke tisa abin a ransa yana zagin kansa, kullum jikinsa ji yake ana sukarsa, ga shi ba inda zai gudu tunda mai sukar na ciki. Ta ce masu bincike sun lura cewa mutanen da ke tausaya wa kansu in abu ya same su, kumburin da ke tashi a jininsu bai kai na masu tsananta wa kansu ba. Ta kuma ja mamu kunne, ta ce wannan ba ya maye gurbin magani, kuma yatsun da suka riga suka karkace ba za su miƙe ba.

Gwaggo ta dubi hannayenta. Can ta ce, wato duk shekarun nan ita ce ƙayar. Likita ta ce a'a Gwaggo, ciwon na da tushensa, har gado ake yi, kada ki mayar da wannan ma wani sabon laifi. Sai Gwaggo ta fashe da dariya ta ce, kin gani ko, har na fara, sannu ɗiyar mutane. Ciwon bai rabu da ita ba har ta koma ga Allah, kada wani ya ce na ce. Amma ni shaida ce, tashinsa ya yi nisa da juna, kuma in ya tashi ba ya kwantar da ita kamar da.

Duk sannun nan da Gwaggo ke rabawa, har mage ta samu, mutum ɗaya ce ba ta taɓa samu ba. Yaya ɗiyar fari ce, Gwaggo kuma mutuniyar da ce, kunyar ɗan fari a jininta take. Ba ta kiran sunanta, sai dai waccan, ko yarinyar nan. Ba ta kallonta ido cikin ido. Ana yaye ta aka kai ta wurin kaka, can ta tashi, har ita ma Gwaggo take ce mata kamar mu. Ba ƙiyayya ba ce, kowa ya sani, Yaya ma ta sani. Amma sani daban, abin da zuciya ke nema daban.

Da mijin Yaya ya rasu, 'ya'yanta suka yi aure, ƙafafun Gwaggo kuma suka fara gazawa, sai ta tattaro ta dawo Ƙofar 'Yandaka. Ita ce wanka, ita ce wanki, ita ce ɗagawa da kwantarwa. Ta gado fuskar uwarta, ta gado hannun alkaki, ta gado ciwon gaɓɓan, likita har ta ɗora ta a kan magani ita ma. Abin da ya fi ba ni tsoro, ta gado bakin nan na da. In koko ya yi gudaji sai ka ji ta a madafa tana cewa banza, sakarya, ko koko ba ki iya ba. Kalmomin ba su canza ba, muryar ce kawai ta canza.

Sau ɗaya na ga sun yi faɗa. Yaya ta yi mata wanka, ta tallabo ta tun daga bayi har bakin gado, gumi na zuba, nata yatsun a kumbure. Gwaggo na zama ta dafa gwiwoyi ta ce sannunku, kun yi ƙoƙari. Yaya ta tsaya da tawul a hannu.

"Gwiwa ake yi ma sannu," ta ce. "Ni da na ɗauko ki, itace ce."

Gwaggo ta juya fuska ga bango. Da ta yi magana, da ni ta yi, ta ce in ba waccan ruwa ta sha. Yaya ta fita tana kuka, kafin ta kai madafa kukan ya koma zagi, wai ita ce marar albarka mai ɗaga wa uwa murya. Washegari ko maɓallin riga ba ta iya sawa ba. Ni haushin su biyun na ji, wallahi, har na yi kwanaki ban leƙa ba.

Ni da Yaya taubasai ne, ni ɗiyar namiji ita ɗiyar mace. Ta girme ni nesa, amma ba abin da ba na gaya mata, baiwata ma nake ce mata ta bi ni da muciya. Ina jin shi ya sa Gwaggo ta zaɓe ni.

Ranar da za ta rasu suna ake yi a unguwar Kambarawa, ɗiyar Yaya ce ta haihu. Yaya ta ce ba za ta ba, wa za ta bar wa Gwaggo? Rabonta da fita unguwa har ta manta. Gwaggo ta dube ni ta ce in gaya wa waccan ta tashi ta tafi sunan jikarta, ni in zauna. Lafiyarta lau, ta sha koko, har tana tsokanata wai ɗaurin ɗankwalina kamar na mai tallan fura. Yaya ta shirya tana waiwaye, ta jera mani magunguna, ta fita.

Da hantsi Gwaggo ta ce in zubo mata ruwan ɗumi a 'yar tasarta. Ta tsoma hannu a ciki. Sannan ta tambaye ni ko na tuna abin da waccan ta faɗa rannan. Na ce na tuna.

"Gaskiya ta faɗa. Na sha buɗe baki in yi mata, harshen ya ƙi. Haka aka tashe mu, ko sunanta ban taɓa jin ɗanɗanonshi a bakina ba. Da can a hankali nake yi ma kaina sannu. Tun da ta dawo gidan nan nake ɗaga murya, na ce ko ta ji ta koya. In na tafi, ku ma za ku yi mata ta kwana bakwai ku watse. Wa zai rage mata in ba ita ba?"

Na ce to in kira ta a waya mana ta gaya mata da kanta, ai ba ido cikin ido ba ne. Ta ce Allah ya shirye ni. Ta ce ni ce taubashiyarta, bakina ba linzami, in gaya mata in ta kama. Na tsane mata hannu, ta kishingiɗa. Ina bakin ƙofa ina gyaran zogale na ji numfashinta ya canza. Na ƙwala wa Hajiya kira ta katanga, muka yi ta maimaita mata kalmar shahada tana motsa leɓe. Kafin azahar ta cika. Allah ya sa ta tarar da sauƙin da ta koya mamu, ya yafe mata fiye da yadda ta iya yafe wa kanta.

Yaya ta iso ta tarar da maza a ƙofar gida. Tana riƙe da kwano, naman suna ne ta zaɓo wa Gwaggo mai laushi. Ba ta yi ihu ba. Ta ajiye kwanon a bakin ɗaki, ta cire mayafi, ta kama aiki, kuma tun daga nan ba ta zauna ba.

Duk kwanakin makoki ina neman inda zan tare ta ban samu ba. In na ce Yaya zo ki ji, ta ce baƙi ba su ci ba. Aka yi uku, aka yi bakwai, ƙafa ta fara ɗaukewa kamar yadda Gwaggo ta ce. Likita ta ja ni gefe ta ce ta yi magana har ta gaji, Yaya ba ta shan magani, ba ta ci, ba ta barci, kuma kumburin nan in ya daɗe yana cin gaɓa, abin da ya ci ba ya dawowa. Ta ce in aka ci gaba a haka hannun Gwaggo za mu sake gani, ƙila ma da wuri. Ni kaina a lokacin jikina kamar an yi mani duka, ba abin da nake so irin in koma gidana in rufe ƙofa. Amma saƙo na wuyana.

Ranar da za a mayar da manyan tukwanen da aka aro, na same ta a bakin famfo da yamma tana darzar gindin wata. Gidan shiru, ba kowa sai mu. Ta zo juya tukunyar yatsun suka ƙi kamawa, ta suɓuce ta bugi siminti. Ta fara, banza, sakarya, uwarki ma ba ki iya tsarewa ba balle tukunya. Na shiga ɗakin Gwaggo na ɗauko 'yar tasar, na zuba ruwan ɗumi, na dire a gabanta, na jawo kujera 'yar tsugune da ƙafa. Na ce zauna, baiwata, uwargijiyarki ke magana. Da da ne sai ta neme ni da muciya. Ranar kallona kawai ta yi, ta dubi tasar, ta zauna.

Na gaya mata duka, yadda aka gaya mani, ban ƙara ba ban rage ba. Na ce kuma ba barin Gwaggo ta yi ba, Gwaggo ce ta aike ta, ina wurin. Ta saurara kanta a ƙasa.

"Da bakinta ta faɗa?"

"Da bakinta."

"Ta kira sunana?"

Na so in ce i. Kalma ɗaya ce, kuma ba mai ƙaryata ni. Amma Yaya ta fi ni sanin uwarta.

"A'a," na ce. "Waccan ta ce. Har ta cika waccan take cewa."

Ta yi wata 'yar dariya, dariyar ta karye, sai ga kukan da ta riƙe tun ranar suna. Na bar ta ta yi. Da ya lafa na kama hannayen a hankali na tsoma a ruwan, zoben nan har yanzu a nutse. Ta runtse ido. Ta ce ita fa bakinta bai iya ba, kunya ma take ji, ƙatuwa da ita da jikoki. Na ce Gwaggo ma ba iyawa ta yi ba, gajiya ta yi. Na tambaye ta ita ba ta gaji ba? Ta ce wallahi ta gaji.

Na tashi na ce bari in ɗauko mata maganinta, ba ta hana ni ba. Na shiga ɗaki na ɗan ja lokaci da gangan. Ina fitowa na hango ta ta sunkuya a kan tasar, tana kallon yatsunta a cikin ruwa, leɓenta na motsi. Ta gwada sau ɗaya abin ya maƙale. Ta gyara murya. Sai na ji ta ce sannu, a hankali, kamar mai gaida wanda ke barci. Ba ta ce ɗiyar mutane ba. Sunanta na yanka ta kira, sunan da aka raɗa mata a gidan nan, wanda uwarta ta rayu ta mutu ba ta furta ba.

Na tsaya a bakin ƙofa da maganin a hannu. Ban ƙarasa ba sai da na ji ta amsa.